Titin garinku: daga ina kuka fara awo?

Damina ta kankama, kuma kamar kowace shekara wasiƙun da ke shigowa wannan fili sun karkata kan tituna. Huɗu na tsamo a wannan makon. Ta farko ta cinye fiye da rabin gurbin da edita ya ba ni, sauran ukun sai su yi haƙuri da abin da ya rage.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu, reshen Kano, ina zaune a Ɗorayi. Dattawa suka ɗora mini rubuta takarda kan titin jiha da ya tashi daga babbar hanya ya shiga garinmu, don a buga a jarida, a kuma kai kwafi ma'aikata. Na kai wa wani edita, ya karanta ya dawo mini da ita, wai babu madogara, kuma bai ma gane titin da nake nufi ba. Ga farkonta: "Wannan titi mai ɗimbin tarihi, wanda aka gina tun zamanin Audu Bako, ya zama tarkon mutuwa. An sha ba da kwangilarsa, an kashe biliyoyin naira, amma har yau shiru kake ji. Masana sun ce shi ne titi mafi muni a jihar Kano, kuma ya laƙume rayuka masu yawa. Muna kira ga gwamnati da ta dubi Allah." Baba, duk abin da na faɗa gaskiya ne, kowa a garin ya sani. Ina laifina?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Na sakaya sunan garin kamar yadda ka nema a ƙasan wasiƙar. Ban ce ka yi ƙarya ba, na kuma tabbata editan bai ce ba. Inda gizo ke saƙar shi ne wannan "kowa a garin ya sani", alhali ba mutanen garin za ka karanta wa takardar ba. Za ta faɗa hannun wani jami'i a Sakatariyar Audu Bako wanda bai taɓa taka titinku ba, ga fayil jibge a gabansa, kowanne yana rantsuwa titinsu ne mafi muni a jiha. Ka ɗauki sakin layin nan naka ka liƙa masa sunan kowane gari a ƙananan hukumomi 44 na Kano, babu kalma ɗaya da za ta buƙaci canji. Abin da editan ya gani ke nan.

Abu na farko da na nema a rubutunka ban samu ba shi ne titin kansa. Daga ina ya tashi? Ina ya tsaya? Wane ƙauye da wane ƙauye ya ratsa? Tsawonsa nawa? Titi ba aljani ba ne, ana takawa a auna shi. Ka samu mai mota ranar Asabar, ku tsaya daidai kwanar da ya rabu da babbar hanya, ka rubuta lambar da maleji ya nuna. Daga nan ku tafi a hankali, littafi a cinyarka. Inda kwalta ta ƙare aka koma burji, ku tsaya ka rubuta lamba. Inda kwalbati ya rufta, ka rubuta. Inda ruwa ya ci gefen hanya har mota biyu ba sa iya giftawa, ka rubuta, ka ɗauki hoto da waya, don wayar za ta ajiye maka ranar da aka ɗauka. Kafin la'asar kana da abin da babu wani jami'i da zai musanta yana zaune a kan kujera.

Ka dai kula da malejin. Motocin da ake shigo da su daga Amurka da mil suke ƙirge, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne da ɗan ɗori. Mil Tara da ke kan titin Katsina kafin a kai Dawanau ta gaji sunanta ne daga awon da, kuma mil 9 ɗin nan ya haura kilomita 14. Na taɓa gyara labarin wani wakilinmu da ya ji dattijo ya ce mil, shi kuma ya rubuta kilomita don ya ga ya fi zamani, bai taɓa lambar ba. Da alƙalami kawai ya datse wa titin fiye da sulusin tsawonsa. Sannan duk lambar da ka bayar ka faɗi daga inda aka fara awo. A takardar kwangilar gwamnatin tarayya, ɓangaren Zariya zuwa Kano kilomita 137 ne. Je ka tashar Unguwa Uku ka tambayi direbobi uku, lamba uku za ka ji, don wani daga tasha yake ƙirge, wani daga Na'ibawa, wayarka kuma daga tsakiyar birni.

Jimlarka ta ƙarshe ta ce kuna kira ga gwamnati. Wace gwamnatin? Tituna a ƙasar nan gida uku suke. Akwai na tarayya, waɗanda za ka gani a taswira da harafin A da lamba: titin Zariya yanki ne na A2, wanda ya taso tun daga Fatakwal, ya biyo ta Lakwaja da Kaduna, ya shigo Kano ya fita ta Kazaure zuwa Daura. Titin Katsina shi ne A9. Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ke gina irin waɗannan, hukumar FERMA da aka kafa a 2002 ita ke faci da kwaskwarima. Akwai na jiha, a hannun Ma'aikatar Ayyuka ta Kano da hukumar gyaran tituna ta KARMA. Kada ka haɗa ta da KAROTA kamar yadda na sha gani a rubutun matasa, KAROTA zirga-zirga take kula da ita, ba ta zuba kwalta. Sai na ƙananan hukumomi, mafi yawansu burji.

Ko da ka haddace wannan, akwai sauran rina a kaba, domin wanda ya yi aiki a kan titi ba lallai shi ne mai titin ba. Gadar Dangi tana kan titin Zariya, amma gwamnatin jiha ce ta gina ta a zamanin Ganduje. Jihohi sukan gyara hanyar tarayya su tura takardar neman a biya su. Ɗan majalisar tarayya kan cusa titin ƙauye cikin ayyukan mazaɓa. A shekarun 1970 ma tarayya ta karɓe hanyoyi da yawa daga hannun jihohi. Ka ce mini titinku na jiha ne. Wa ya gaya maka? In allon da ɗan kwangila ya kafa a bakin aiki yana nan tsaye, ko ya yi tsatsa ka goge shi ka ɗauki hotonsa: a jikinsa ake rubuta sunan aikin, da wanda ya ba da shi, da kamfanin da aka bai wa. In babu allo, ka nemi sunan titin a kundin kasafin kuɗin jiha. Takardar da ta nufi ofishin da ba shi da hurumi, amsa ɗaya ake ba ta, ita ce ba namu ba ne, kuma sun yi gaskiya.

Yanzu mu zo inda na fi so ka buɗe kunne. Ka rubuta "an sha ba da kwangilarsa, an kashe biliyoyi". A cikin waɗannan kalmomi ka cusa abubuwa kusan bakwai a buhu ɗaya. Saka titi a kasafin kuɗi daban. Majalisar zartarwa ta amince da aikin, kwamishinan yaɗa labarai ya fito ya shaida wa 'yan jarida, wannan ma daban. Sa hannu a kwangila daban, biyan kuɗin kafin alƙalami daban. Ranar da aka kafa rumfa gwamna ya hau katafila aka yi tafi, wannan ƙaddamarwa ce. Kammala aiki daban, bikin buɗewa daban, kuma na ga inda aka yi bikin kafin a kammala. Kuɗin da aka rubuta a kasafi alkawari ne, ba a kashe shi ba tukuna. Idan ka ga naira miliyan kaza a kasafin shekara uku a jere ka tara su ka ce an kashe, wataƙila ko kwabo bai fita ba, layi ɗaya ne ake ta maimaitawa. Wanda ya san aikin zai gane kuskurenka a minti ɗaya, daga nan kuma ba zai yarda da sauran takardar ba, har da wurin da ka faɗi gaskiya tsagwaronta. Don sanin abin da ya fita da gaske, rahoton aiwatar da kasafi da ake fitarwa duk wata uku shi ake dubawa.

Ni wannan darasi da kunya na saye shi. A shekarun 1980, ina sabon shiga aikin jarida, wani ofishi ya aiko mana sanarwa a rubuce cewa an kammala wani titi a karkara. Na fassara, na ƙara gishiri, na ce jama'ar yankin sun yi ban kwana da wahala. Aka buga. Bayan kwana huɗu sai ga kawuna daga can ɓangaren ya yi sallama a gidanmu, wandonsa jajir da taɓo har gwiwa, jaridar a naɗe a aljihunsa. Bai yi faɗa ba. Ya gaisa da mahaifiyata, ya sha ruwa, sannan ya ce mini, "Ɗan nan, titin da ka gama mana, mun turo mota a kansa tun hantsi." Ashe kwaltar ta tsaya ne kaɗan bayan inda aka kafa rumfar manyan baƙi. Sanarwar ba ta hannuna aka ƙirƙire ta ba, amma ni na cire "in ji ofishin kaza" na mayar da maganar tawa. Da na bar waɗannan kalmomi huɗu, da nauyin yana kan mai maganar.

Batun kuɗi kuwa, lamba ba ta tafiya sai da shekararta. Dubi titin Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, mai kimanin kilomita 375. A Disambar 2017 aka amince da ba kamfanin Julius Berger aikin a kan kimanin naira biliyan 155. A 2021 kuɗin ya koma kimanin biliyan 797, bayan an sauya aikin daga gyara zuwa sake gini ɗungurungum. Marubuci biyu za su iya kawo lambobin nan biyu su yi ta musu, alhali kowa ya yi daidai, shekara da girman aikin ne ba su faɗa ba. Ga kuma darajar naira: a 2017 dala tana wajen naira 305 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Biliyan ɗaya ta wancan lokaci da ta yanzu suna ne kawai ya haɗa su. Saboda haka "biliyoyin naira" ɗinka a cire shi, sai in ka samo nawa, a wace shekara, a bakin wa.

Audu Bako, Allah ya jiƙansa, ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, kuma ya yi aiki, shi ya sa duk wani tsohon gini ko dam ko titi sai a jingina masa. Wataƙila naku nasa ne. Amma "an gina" me kake nufi? Ranar da aka share hanya aka zuba burji, ko ranar da aka shimfiɗa kwalta? Hanyoyi da yawa tun zamanin En'e ake bin su da ƙafa da jakai da lori kafin su ga kwalta. In dattijo ne ya gaya maka, ka rubuta dattijon ne ya faɗa, babu kunya a ciki. Wani tarkon kuma: duk takardar da ta girmi 27 ga Agustan 1991, in ta ce jihar Kano, har da Dutse da Haɗeja da Gumel da Kazaure take nufi, don a ranar aka cire Jigawa.

"Masana sun ce." Su wa? Mu da muka tashi a gaban malaman zaure mun san ba a karɓar hadisi sai an ji wa ya ruwaito daga wa. Abin mamaki, mutumin da ba zai yarda da ruwaya marar isnadi ba, shi ne zai rubuta "bincike ya nuna" ya wuce abinsa. In injiniya ɗaya ka samu ya duba kwalbatin, ka ce injiniya ɗaya, ka faɗi abin da ya gani. "Mafi muni a jiha" kuwa, sai wanda ya bi duka titunan jihar ne zai iya faɗa, kai ba ka bi ba, ni ma ban bi ba. Batun rayuka shi ne mafi nauyi, kuma shi ka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana ajiye lissafin haɗurran da aka kai mata rahoto. Ofishin 'yan sanda na yankin da asibitin garin su ma suna da nasu littafin. In ba su ba ka ba, ku zauna da mai gari da liman ku lissafa waɗanda kuka yi wa sutura sanadin titin a cikin shekara biyu, da wata da wurin da abin ya faru. Mutum uku da aka san wata da wuri sun fi "rayuka masu yawa" taɓa zuciyar mai karatu, kuma ba wanda zai ce ƙari ne.

Ga yadda zan so in ga farkon takardarku, kai za ka cike gurbin kowane "kaza":

"Titin da ya tashi daga kwanar kaza a kan babbar hanya zuwa garin kaza tsawonsa kilomita kaza ne, bisa awon da ƙungiyarmu ta yi da mota ranar kaza. Kilomita kaza na farko suna da kwalta, sauran burji ne. Kwalbati kaza ne a kansa, kaza sun rufta, mafi muni shi ne na kusa da ƙauyen kaza. Allon da ke bakin titin ya nuna Ma'aikatar Ayyuka ta jiha ce ta ba da aikinsa. Kasafin kuɗin shekarar kaza ya ware masa naira miliyan kaza a shafi kaza. Muna roƙon ma'aikatar ta bayyana nawa aka saki, ta kuma gyara kwalbatin kafin tsakiyar damina."

Za ka ce ba shi da armashi kamar naka. Haka ne, babu tarkon mutuwa, babu a dubi Allah. In kana son su, ka ajiye su zuwa sakin layi na ƙarshe, su fito daga bakin wani da ya binne ɗan'uwansa, ba daga bakin sakatare ba.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina koyar da tarihi a wata sakandaren 'yan mata a Gwale. Na ba ɗalibaina aikin rubuta tarihin titin da ake bi zuwa garin kakanninsu. Kusan duka suka kwaso daga waya, magana iri ɗaya har da kuskure iri ɗaya. Ina zan tura su?

AMSA: Barka kadai, Malama. Kuskure iri ɗayan nan da kika gani, ki ɗauke shi ki mai da shi darasin farko. Ki sa su bi sawu su gano wa ya fara rubuta maganar. Za su tarar shafi goma ne, amma tara sun kwafa daga ɗaya, shi kuma ɗayan bai faɗi inda ya samo ba. Shaida goma da suka ji daga mutum ɗaya, shaida ɗaya ce.

Wurin farko da zan tura su ba ya buƙatar kuɗin mota: ɗakin kaka. Tsofaffi ba sa riƙe shekara da lamba, amma suna riƙe ta da abin da ya faru, kuma wannan ya isa. A tambayi kaka, lokacin da aka kawo ki birni aure, a me kuka zo? Akwai kwalta? In ta ce shekarar da aka naɗa Sarki Ado ne, to 1963 ke nan. In ta ce bayan kisan Murtala, an wuce Fabrairun 1976. Rikicin Maitatsine Disambar 1980 ne, ɓallewar dam ɗin Bagauda kuma Agustan 1988. Yarinya ta rubuta, "Kakata ta ce a shekarar da aka naɗa Sarki Ado Bayero, wato 1963, hanyar burji ce." Wannan jimla tana da mai faɗa, tana da shekara, tana da abin da aka gani da ido. Tsofaffin hotuna da rasit ma suna magana: in ka ga motoci suna bin hannun hagu, hoton ya girmi 2 ga Afrilun 1972, ranar da Najeriya ta koma tuƙin dama. In kuɗin da ke takarda fam da sule ne, kafin Janairun 1973 aka rubuta ta.

Na biyu, jaridun da. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya a 1939, New Nigerian ta fara a 1966, Triumph ta nan Kano a 1980, ga kuma 'yar'uwarta ta Hausa, Albishir. Buɗe titi labari ne da jaridun gwamnati ba sa bari ya wuce su. Laburaren Murtala Muhammad da ke titin Ahmadu Bello da ɗakin karatu na Jami'ar Bayero nan ake fara tambaya. Hukumar Tarihi da Al'adu tana Gidan Ɗan Hausa, ziyara ɗaya da ɗalibai za ta biya kuɗin bas. Fayilolin zamanin Turawa da na En'e kuwa da yawansu suna Kaduna, a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da Gidan Arewa, wannan sai dai ke da kanki in hutu ya zo.

Wayar ma ba a jefar da ita. Manhajar Google Earth tana nuna hotunan sama na shekarun baya, ana iya ja da baya a ga shekarar da jar hanya ta koma baƙa. Ga kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa takardar neman bayani. Ki sa aji su rubuta guda ɗaya tare zuwa ofishin Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya kan wata hanyar tarayya. Ko amsa ba ta zo ba, sun koyi rubuta "mun aika takarda ranar kaza, har zuwa ranar kaza ba a amsa ba", kuma wannan ma bayani ne.

Wajen ba da maki, ni da zan ba ki shawara, shafi ɗaya mai majiya uku ya ɗara shafi biyar da aka zuba daga waya.

TAMBAYA: Malam, ɗana ne ya rubuta mini wannan. Ni direba ne, fiye da shekara ashirin ina lodi a Unguwa Uku. 'Yan jarida sukan zo su ɗauki maganarmu, amma in labari ya fito sai ka ji an ce jami'i ya ce, injiniya ya ce, mu kuma "wasu direbobi sun koka". Maganarmu ba hujja ba ce?

AMSA: Alhaji, hujja ce, kuma a wasu wurare ta fi ta mai ofis ƙarfi. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Babu injiniyan da ya san titi kamar wanda ya bi shi sau biyu a rana shekara ashirin. Kai ka san ramin da ke cika da ruwa ya ɓoye kansa, ka san kwanar da tirela ke kwanciya, ka san watan da aka yi faci da watan da facin ya tashi. Laifin na abokan aikina ne, suna zuwa da tambayar "yaya kuke ji da hanyar nan?", wadda amsarta ɗaya ce, muna shan wahala. Daga nan sai "sun koka".

In sun sake zuwa, kada ka jira tambayarsu. Ka ba su abin da ake rubutawa da lamba: da awa nawa nake yi daga tasha zuwa gari kaza, yanzu awa nawa. Taya nawa na canja daga Sallah zuwa Sallah, sau nawa sifirin ya karye, a daidai wane ƙauye. Ka ce su rubuta shekarunka a kan hanyar da tashar da kake lodi, sunanka kuma in ka yarda, in ba ka yarda ba su bar shi. Ɗan jaridar kirki zai ja wani direban gefe ya tambaye shi daban, in maganarku ta zo ɗaya ta ƙara ƙarfi.

Amma zan gaya maka inda maganarka ba ta kai ba, kada ka ji haushi. Nawa aka biya ɗan kwangila, wa ya ci, wa ya hana, wannan ba a kan sitiyari ake ganinsa ba. In ka faɗa, ji ka yi, kuma wanda ya buga ba tare da takarda ba kotu na iya kiransa. Haka kuɗin mota. In ka ce ya ninka saboda lalacewar hanya, mai karatu zai tuna an cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin kowace hanya ya tashi, har mai santsi. Abin da zai nuna laifin titin shi ne a kwatanta da wata hanyar mai tsawo ɗaya da ba ta lalace ba, kuma ofishin ƙungiyarku a tasha ya san farashin duka biyun.

A gaishe da yaron, rubutunsa ya fita sarai.

TAMBAYA: Baba, ni ɗalibi ne a Tarauni. Ina fassara wani labari, na ci karo da State Road. In rubuta "titin jiha"?

AMSA: A'a, ɗana. A Kano State Road suna ne na titi guda, wanda ya taso daga Gidan Gwamnati ya nufo Ƙofar Nassarawa, kuma suna ba a fassara shi. "Titin jiha" kuwa kowane titi ne da ke hannun gwamnatin jiha. Ka duba labarin da kyau ka ga wanne ake nufi, manyan haruffan farko sukan nuna maka. Inda titi ke da suna biyu, na allo da na bakin jama'a, ka kawo duka a ambaton farko, daga nan ka riƙe wanda mutane suka sani har ƙarshe, kada ka riƙa sauyawa mai karatu ya zaci tituna biyu ne. In kana shakka, fita bakin titi ka tsayar da ɗan adaidaita sahu ka ce ya kai ka titin jiha, ka ji abin da zai tambaye ka.